Masu Sayen Shinkafa Tun Tana Ciyawa

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, ya wuce Kura ya nufi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga kore shar hagu da dama a lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙamas. Zai ce mutanen nan sun huta da talauci. Da zai tsaya ya tambayi ƙaramin manomi a Madobi ko Bunkure ko Garun Malam buhu nawa ne nasa a cikin abin da zai cire, da ya ji wani lissafi daban. Sau da yawa an riga an raba amfanin tun ranar da aka zuba takin farko, kuma babban kason na wanda bai taɓa tsoma ƙafa cikin taɓon gonar ba ne.

Noman rani ba irin na damina ba ne, wanda mutum zai iya lallaɓawa da irin da ya ajiye da takin dabbobinsa. Nan komai kuɗi ne, kuma kuɗin yanzu-yanzu: hayar gona, tarakta, iri, takin zamani, maganin feshi, ladan masu dashe. Waɗanda gonakinsu ba sa kan hanyar ruwan Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, masu jawo ruwa da inji daga kogi ko rijiyar burtsatse, su kuma ga fetur, wanda tun da aka cire tallafinsa ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama abin da ke cinye ribar tun kafin a gan ta. Shinkafa kuwa ba ta jira. Idan lokacin taki ya yi ba a zuba ba, shekarar ta tafi.

A wannan makon na ƙunci ne mai ba da kaka yake bayyana. Ba baƙo ba ne. Ɗan kasuwa ne ko dillali, sau da yawa a sahu ɗaya ake sallah da shi. Ba ya neman takarda, ba ya cewa a dawo jibi. Zai ba da kuɗi ko taki nan take, a kan cewa idan an yi girbi za a biya shi da buhunan shanshera. Mu ɗauki misali don lissafi ya fito. A ce ya ba da naira 100,000 a kan buhu huɗu, alhali kowa ya san buhu zai kai naira 40,000 a kasuwa. Cikin wata huɗu ya karɓi 160,000. Kashi 60 cikin 100 ke nan, wanda in an miƙe shi zuwa shekara ya zama kashi 180. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, manyan 'yan kasuwa da masu masana'antu kuka suka riƙa yi a jaridu. Manomin Bunkure yana biyan ninkin wannan sau shida, kuma har godiya yake yi.

Abin ba sabo ba ne. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta fitar da littafinta kan ƙauyen Hausa a 1972, ta yi bayanin falle, bashin da talaka ke ci lokacin da rumbu ya ƙare ya biya da hatsi mai yawa a kaka. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, da fatan ruwa zai raba manomi da irin wannan yunwar. Ruwan ya zo, amma ya zo da noman da ya fi cin jari, don haka bashin ya sauya kaya kawai, ya ƙara girma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rigar addini da ake sa masa. Mai ba da kaka zai ce shi ciniki ya yi, ba ruwa ya ci ba, domin shari'a ta halatta salam, wato a biya kuɗin kaya yanzu a karɓa daga baya. Gaskiya ne ta halatta, kuma don sauƙaƙa wa manoma aka halatta shi. Amma salam yana da sharuɗɗa: a san irin kayan, a san ma'auninsa, a san ranar bayarwa, tun a wurin ƙulla ciniki. To ina salam a wurin wanda ya ba ka bashi da sharaɗin ba za ka sayar wa kowa ba sai shi, a farashin da shi zai yanka ranar girbi? Ina salam a wurin wanda, idan ambaliya ko tsuntsu ya cinye gona, zai ce buhu huɗun sun koma shida zuwa kaka mai zuwa? Ƙara bashi saboda an ƙara lokaci shi ne ainihin ribar da Alƙur'ani ya yaƙa, ko da naira aka ƙirga ta ko da buhu. Limamanmu na Juma'a suna yawan tsinuwa ga ruwan banki, wanda yawancin masu sauraronsu ba su taɓa samun damar ci ba. Ruwan buhu, wanda rabin masallacin ke ciki, ba kasafai ake jin sa a mumbari ba.

Masu tumatir sun fi kowa sanin inda hanyar take ɓullewa. A 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta share gonaki a Kano da maƙwabtanta. A shekarar ce kuma kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya fara aiki, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, wanda aka sa rai zai tsayar da farashi, sai ya shiga buɗewa da rufewa. Shekarar da tumatir ya yi kyau, kwando ya faɗi warwas a Kwanar Gafan. Shekarar da ya yi tsada, babu shi a gona. Bashi kuwa bai san wannan ba. Daga nan sai jinginar gona, daga jingina sai sayarwa, sai ka ga mutum yana ƙwadago a gonar da ya gada.

Yanzu ga wani sabon nau'i ya shigo ta waya. Matasa na sauke manhajar bashi, su karɓi 'yan dubbai na mako ɗaya ko biyu, idan suka makara sai saƙon ɓatanci ya isa ga suruki da malami da duk wanda lambarsa ke cikin wayar. A nan dai hukuma ta motsa. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, ta kuma tilasta musu rajista. Daga 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan wayar mai cin bashi. Duk wannan ya yi kyau. Sai dai dokar da aka rubuta a Abuja tana kama kamfani mai ofis ne. Ba ta san mutumin da ke zaune gindin bishiya a bakin kasuwar Kura da littafinsa a aljihu ba.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. An taɓa kawo bashi mai sauƙi. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, a kan ruwan da bai kai kashi 10 ba. Wasu kayan sun zo a makare, wasu sun tafi ga manoman takarda, amma da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa sun ɗauke shi rabonsu na gwamnati, suka ƙi biya. Sabon shugabancin Babban Banki ya janye hannu daga irin wannan tallafin bayan 2023. Ƙananan bankuna sama da talatin da gwamnatin Kwankwaso, ɗan ƙaramar hukumar Madobi, ta kafa a zangonta na biyu, yau ba a cika jin ɗuriyar yawancinsu ba. Duk wanda ya cinye bashin gwamnati ya goge baki, ya taya mai ba da kaka rufe ƙofar da maƙwabcinsa zai bi ya tsira. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke ɗaukarsa amana ba.

Ni ban yarda a ce Hisba ta kama masu ba da kaka ba. Idan aka kore su yau babu madadi, gonaki da yawa za su kwana babu taki. Ƙarfin mutumin nan ɗaya ne: yana zuwa a kan lokaci. Wanda zai kayar da shi sai ya riga shi isa.

Kuma akwai inda za a fara. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aikin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa bayan amincewa da shi a 2014, sun san kowane manomi da gonarsa da halinsa, abin da babu bankin da ya sani. Su ne ya kamata su tsaya wa mambobinsu a gaban bankunan da ba sa cin ruwa, irin Jaiz da ya buɗe a Kano tun 2012, a ƙulla salam na gaskiya ko a sayo taki a dunƙule, wanda ya ƙi biya kuma 'yan ƙungiyarsa su fara tuhumarsa kafin kowa. Sannan ga zakka. Shinkafa na cikin abin da ake fitar wa zakka, kuma waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba. Da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano za ta haɗa kai da hakiman wannan yanki, ta tara zakkar manyan manoma ta fanshi gonakin da ke jingina, da ta yi aikin da ya fi rabon 'yan dubbai a gaban kyamara.

Abu mafi araha kuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Dagatai da masu unguwanni a Madobi, Kura da Bunkure na iya yanke cewa ba za su saurari ƙarar bashin kaka ba sai da takardar da ta nuna kuɗin da aka bayar, yawan buhu, ranar biya, da abin da zai faru idan gona ta lalace, da sa hannun shaidu biyu. Mai cinikin halal ba zai ji komai ba. Wanda zai yi gardama shi ne wanda ba ya son limami ya karanta cewa huɗu za ta koma shida.

Majalisun ƙananan hukumomin uku na da ikon mara wa wannan baya da dokar yankinsu, su kuma gyara ko da sito ɗaya a kowace gunduma, inda manomi zai ajiye shanshera ya karɓi wani kaso na kuɗinta maimakon ya zubar da ita a makon da kowa ke sayarwa. Shirin rani yana farawa ne da ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kuma a makonnin nan ake fara ƙulla bashin shekara.