Wa zai karɓi ƙarar mace marar takarda?

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Galibinsu mata ne da yara, ƙishirwa ta kashe su. Gwamnati ta yi makoki, aka yi jawabai, amma tafiyar ba ta tsaya ba. An fi sanin ta da mutanen Kance, sai dai duk wanda ya zauna tashar Agiye, Gazawa ko Gidan Runji bayan girbi ya san jahar Maradi ma tana ciki.

Mun cika maganar waɗanda suka mutu a hanya, mun manta da waɗanda suka isa. Matar da ke bara ko aikatau a Tamanrasat ko Oran, a titi take wuni, wani lokaci a kango take kwana. Mai mota ya tsaya ya yi mata tayin banza, samari su bi ta da zagi saboda launin fatarta, wani ya kai hannu jikinta. Ina za ta kai ƙara? Ba ta da takardun zama. In ta shiga ofishin ƴan sanda, ita za a riƙe, a haɗa ta da waɗanda ake sauke wa a hamada su taka kilomita 15 kafin Asamaka. Mai cin zarafinta ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓe ta. Haka abin yake ga ƴar takari a Jidda.

In ta dawo gida kuwa, shiru za ta yi, don a garinmu wadda aka ci wa mutunci ita ake tambaya me ya kai ta.

To, me ya kai ta? A karkarar Agiye jama'a sun yi yawa, gona ta ƙuntata. Gamanar da miji ke yanka wa matarsa ita ce ta fara ɓacewa. Macen da aka raba da gamana, aka bar mata ciyar da yara, wa'azin maigari ba zai tsayar da ita ba.

Tun Disamba 2014 ake kwaso ƴan ƙasarmu daga Aljeriya da yardar hukumomin Yamai. Ana ƙirga su, amma ba mu ji an tambaye su abin da aka yi masu ba. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Tamanrasat da Jidda. A sa ma'aikaciya mace mai jin Hausa a kowanne, wadda za ta rubuta ƙara ba tare da ta fara da neman fasfo ba, a kuma gaya wa ƴan ƙasa ƙara nawa aka karɓa a shekara da inda kowace ta kwana.