Kafin mu sayi garmaho, mu duba hannun da ke ɗauke da allura



Tun da dattawanmu na nan Agege suka fara kawo tsofaffin fayafayan Shata da Ɗan Maraya Jos don a kwafe su a kwamfuta, ake ta ja-in-ja kan garmahon da ƙungiya za ta saya. Wasu farashi suke kallo, wasu suna. Mu kuwa hannun da ke riƙe da allura muke kallo, don shi ke taɓa faifai.

Iri biyu ne. Akwai mai tsini ɗaya, wanda masu sana'ar ke kira yunifibot: hannun gaba ɗaya yana zaune ne a kan tsini guda, kamar faranti a kan ɗan yatsa. Gogayya kaɗan ce, shi ya sa masu kunnen kiɗa ke yabonsa, kuma kamfanonin VPI da Naim sun yi suna da shi. Amma kana ɗaga shi zai yi ta lilo hagu da dama. Sai an daidaita nauyinsa da haƙuri kafin allura ta tsaya cak a tsagin faifai. Idan ta karkata, gefe ɗaya na tsagin ne zai riƙa cinyewa.

Na biyu shi ne gimbal, mai boris kashi biyu: ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gefe da gefe. Irinsa ne a Technics SL-1200MK2 da ta fito a 1979, wadda masu kiɗan biki suka daɗe suna wahalarwa. Shi ma yana da aibi. Boris in ya yi tsatsa, ga damshin Legas, ko ya yi sako-sako, sauti ya lalace, gyaransa kuma sai gwani.

Duk da haka gimbal muka zaɓa. Fayafayan nan sun sha zafi a akwati, da yawa sun lanƙwashe, kuma matasa huɗu ko biyar ne za su riƙa karɓa-karɓa wajen aikin. Allurar da ke danna faifai da nauyin kusan giram 2 ba ta son hannu mai rawa. Faifan Shata in ya karce, ina za mu samo wani?

Wanda za a tura Alaba ya daidaita hannun har ya tsaya a iska, ya hura shi a hankali. In ya cije a hanya, a bar musu kayansu.