Superaltare: kalmar da rarrabewa ke ɓatar da mai karatu

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya saba da fiɗar kalma, idan aka miƙa masa kalmar Latinanci superaltare, ba zai ɓata lokaci ba. Zai raba ta biyu: super, wato bisa, da altare, wato bagade. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa wani abu ne da ake ginawa a saman bagaden coci. Fiɗar ta yi daidai, amma hukuncin kuskure ne.

A Turai ta tsakiyar zamani, superaltare ɗan falalen dutse ne wanda limamin Kirista ke iya ɗauka cikin kayansa. Dalilin samuwarsa doka ce. Taron limaman da aka yi a Epaone, cikin Faransa ta yau, a shekarar 517, ya ce bagaden dutse kaɗai za a shafa wa mai mai tsarki. To, yaya limamin da ke bin rundunar yaƙi, ko mai wa'azi a daji, zai yi Jibin Ubangiji inda babu coci? Sai aka ƙanƙanta bagaden. Bishop ya keɓe dutsen, galibi da gicciye biyar da aka sassaƙa a kansa, girmansa daidai yadda zai ɗauki ƙoƙon inabi da farantin gurasa. Duk teburin da aka aza shi a kai ya zama wurin ibada na wannan sa'a. Ashe "bisa" da ke cikin kalmar tana nufin azawa ne a kan teburin da ba a keɓe ba, kuma dutsen da aka aza shi ne bagaden na gaskiya.

Wasu daga cikin waɗannan kayayyaki sun tsira. An samu ɗaya na katako, da aka lulluɓe da azurfa, a akwatin gawar Cuthbert, bishop ɗin arewacin Ingila da ya rasu a 687. Wanda aka ƙera wa gidan sufaye na Stavelot a tsakiyar ƙarni na 12 yana gidan tarihi a Burusel, birnin Beljik, kuma saboda ado ya fi kama da akwatin sarauta.

Abin da ya fi jan hankali ya faru ne a Ingila a ƙarni na 19. Kalmar ta daɗe da tsufa, sai masu farfaɗo da tsoffin al'adun coci suka tone ta, suka laƙaba wa kantar da ke bayan bagade inda ake jera fitilu. Sun karanta gaɓoɓinta, ba su kula da yadda magabata suka yi amfani da ita ba. Shi ya sa ƙamusun Ingilishi ke ba ta ma'ana biyu har yau, kuma ta biyun ƴar rashin fahimta ce da ta samu wurin zama.

Za a iya cewa wannan ba laifi ba ne, tunda harshe na masu magana da shi ne, kuma ma'ana takan sauya. Gaskiya ne. Sai dai mai magana yana da ƴancin da mai bincike ba shi da shi. Wanda ya tarar da superaltare a lissafin kayan wani coci na ƙarni na 14, ya fassara ta da "kanta", ya ƙago gini inda ake maganar abin da ke shiga jaka. Du Cange, wanda ya fitar da ƙamusunsa na Latinancin tsakiyar zamani a 1678, ya bi hanya mai wahala: yakan kawo kalma tare da jimlolin da ya tsince ta a ciki. Kundayen ɗalibai da yawa, daga Yamai zuwa Damagaram, sun fi son jadawalin saiwa da ɗafi, domin yana cika shafi da sauri. Bahaushe kuwa ya san baƙon da ya fiɗe "bakan gizo" zai tafi neman kwari da baka, alhali abin yana sama bayan ruwa.

Saura batun fassara zuwa Hausa. "Ƙaramin bagade" ya gaza, domin ƙanƙanta ba ita ce ta bambanta shi ba. "Bagaden tafiya" ya fi kusa, kuma Latinanci ma yana da altare viaticum mai wannan ma'ana. Cocin Girkawa ya warware matsalar da ƙyalle maimakon dutse, ya kira shi antimension, wato "a madadin tebur", sunan da aka haɗa daga Girkanci da Latinanci.