Wasiƙa ga samarin da ke rugawa kashe gobara a Gubuchi da kewaye



Zuwa ga ƙannena da 'yan'uwana, samarin Gubuchi da na ƙauyukan Makarfi, Ikara da Kudan, waɗanda da zarar an yi kururuwar gobara suke watsar da abin da ke hannunsu su ruga. Allah Ya saka muku da alheri.

Ba ku da albashi, ba kaki, ba mota mai jiniya. Yawancinku ma ba ku ɗauki kanku 'yan kwana-kwana ba: wani manomi ne, wani ɗan acaɓa, wani mai yankan rake, wani tela. Amma a zahiri ku ne 'yan kwana-kwanan wannan yanki, domin motar hukuma, ko daga ina za ta taso, kafin ta iso rumbu ya riga ya zama toka. Jinka ba ta jure wuta fiye da 'yan mintoci, kuma abin da za a tsira da shi a cikin mintocin nan yana hannunku. Jarumta kam ba wanda zai koya muku ita. Abin da nake so mu yi magana a kai shi ne tsari, wanda kaso mafi girma nasa ana yin sa ne tun wuta ba ta tashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kun fi ni sanin yadda ƙasarmu take daga Nuwamba zuwa Maris. Iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas ta tsotse laimar komai. Damman dawa na jibge a masussuka, karan masara na jingine bayan gida, harawar wake da ta gyaɗa na kan bishiyoyi da rufin ɗakuna, barkono na shanye, busasshen ganyen rake ya rufe ƙasa a fadamu. Wahalar shekara guda tana waje, kuma duk ta bushe. Mafarin wutar ma sananne ne: yara masu turara wa gafiya hayaƙi a rami, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wutarsa, guntun sigari a gefen hanya, manomi mai ƙona shara da rana tsaka, kaskon garwashin da aka kwana da shi a ɗaki saboda sanyi, tokar murhu da aka zubar jikin danni da sauran wuta a cikinta, da murhun mazarƙwaila da aka tara busasshen ɓawon rake dab da bakinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya tare shi da magana da fartanya.

Don haka aikinku na farko gayya ce. Da an gama girbi, ku nemi izinin dagaci da masu unguwanni, ku haɗa kai da Sarkin Noma, a fita da fartanya da manjagara a share fili tas, har sai an ga ƙasa, kewaye da masussuka da rumbuna da gonakin rake da ba a yanka ba. Faɗin taku biyar zuwa goma ya isa a inda ciyawa gajera ce. Inda gamba ta yi tsayi, a ƙara faɗi, musamman ta gefen arewa da gabas inda iska ke fitowa. Ciyawar da aka share a kwashe ta nesa, kada a tara ta a bakin sharar. Ku roƙi mutane su raba tulin kara gida biyu ko uku, su nisanta shi da ɗakin kwana da murhu. Wanda zai ƙona gonarsa ya faɗa muku da maƙwabtansa tukuna, ya yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya lokacin da iska ta kwanta, kuma kada ya bar wurin sai wuta ta mutu. Ku sani akwai dokar tarayya ta 2011, a ƙarƙashin hukumar NESREA, da ta hana cinna wa daji wuta barkatai, amma a ƙauye maganar liman a huɗubar Juma'a da gargaɗin mai unguwa sun fi saurin isa kunne. Ku nemi taimakonsu. Malamai za su tuna wa jama'a cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarnin a kashe wuta kafin a kwanta barci.

Kayan aiki yawancinsu suna gidajenku, sai dai a warwatse. Ku rubuta wa ke da injin ban-ruwa da tiyo mai tsawo, wace rijiya ko kududdufi ke riƙe ruwa har bazara, wane mai garuwa ke da kura, wa ke da amalanke ko a-daidaita-sahu da za a iya tasa da dare. Famfon feshi na goyo, idan an wanke shi sarai daga maganin ciyawa, yana kashe bakin wutar ciyawa da ruwa kaɗan fiye da yadda bokiti goma za su yi. Buhun algarara jiƙaƙƙe da ɗanyen reshen darbejiya sun fi komai amfani wajen bugun wuta mara tsayi. A kowace unguwa a ajiye durom na ruwa da tulin yashi da shebur a wurin da kowa ya sani. Ku amince da alama guda ta kiran gobara, ko ta lasifikar masallaci ko bugun ƙarfe, kuma mai sanarwa ya faɗi unguwa da abin da ke ci, don kada jama'a su yi ta gudu ba su san inda suka dosa ba. Mutum guda aikinsa waya kawai: ya kira 112 da lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa, ya kuma tura ɗan acaɓa ya tsaya a mararraba ya jagoranci motar.

Ranar wuta kuwa, babban abin da ke ɓata aiki shi ne kowa shugaba. Mutum hamsin na ihu, ashirin na watsa ruwa wuri guda, ba wanda ya kula da rufin maƙwabci da tartsatsi ke sauka a kai. Ku zaɓi shugaba da mataimakinsa tun yanzu, mai sanyin kai, ba lallai mafi ƙarfi ba. Shi ba ya riƙe bokiti. Yana tsaye inda yake ganin komai, yana lura da iska, yana raba aiki: waɗannan su tabbatar ba kowa a ɗaki, su kwance dabbobi daga turke, waɗannan su yi layi daga rijiya ana miƙa bokiti hannu da hannu, waɗannan su jiƙa rufin da ke gaba, su yaye zana da dannin da wuta za ta bi ta tsallaka, waɗannan su kori yara da 'yan kallo, su tsare kayan da aka fitar, don ɓarawo ma yana zuwa gobara. Ɗakin da ya riga ya kama gaba ɗaya an yi asararsa, ku ceci na kusa da shi. Kuma shugaba ya ƙirga mutanensa kafin a shiga da bayan an fito.

Wutar daji tana da kai, tana da gefe, tana da baya. Kanta shi ne inda iska ke tura ta, can ne harshenta ya fi tsayi, kuma can ne mai zafin zuciya yake nufa. Kada ku tare ta ta gaba. Ku faro daga baya, inda ta riga ta cinye, ku bi gefunanta biyu kuna bugu kuna matse ta har kan ya tsuke. Ƙafarku ɗaya ta kasance kullum a baƙin wurin da ya ƙone, domin nan ne mafaka idan iska ta juya. Wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, saboda haka kada ta same ku a samanta. A 1949, a wani kwari da ake kira Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka, ƙwararrun masu kashe wutar daji 13 sun mutu yawancinsu suna gudu sama wuta na bin su, shugabansu kuwa ya cinna wa ciyawar gabansa wuta, ya kwanta a cikin tokarta, ya tsira. Idan harshen wuta ya wuce tsayin mutum, reshe da buhu ba su da abin yi. Ku ja da baya zuwa hanya ko rafi ko sharar da kuka yi, ku jira ta a can. Cinna wata wuta don ta tari mai zuwa dabara ce ta gaske, amma ta dattawan da suka saba ce, da umarnin shugaba, daga bakin fili shararre. Gonar rake da ta kama kuwa kada wanda ya kutsa cikinta, domin a ciki ba ka ganin gabanka, ba ka kuma iya gudu. Bayan wuta ta lafa, ku bi gefenta kuna tone kututture da kashin shanu da ke ci a ɓoye, a bar mutum biyu su kwana suna gadi.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba. Fetur yana hawa kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara, don haka wutar jarkokin 'yan bumburutu da ta janareta yashi ake zuba mata. Man da ya kama a kaskon suya murfi ake kifa masa. Inda akwai wayar lantarki ko baturan sola, a katse wutar kafin a watsa ruwa. Tukunyar gas da wuta ke lasa, a nisance ta, a kori kowa. Idan kuma tankar mai ta faɗi a hanyar Zariya zuwa Kano, ko a Tashar Yari ko wani wuri, aikinku guda ne: ku hana mutane matsowa, a kashe babura, kada a kunna komai. A Majiya ta jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoban 2024, tankar mai da ta faɗi ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, yawancinsu sun je kwasar mai. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinta a mararrabar Dikko ta jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Za a zage ku idan kun tare hanya. Ku jure zagin.

Ku kula da jikinku. Rigar ƙwallo da yadin roba suna narkewa su manne a fata, silifa ma haka. Ku sa tufafin auduga masu dogon hannu da takalmi rufaffe, ku ɗaure hanci da ƙyalle. A cikin ɗaki hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, mai shiga ceto ya sunkuya ƙasa, wani na riƙe da shi ko yana tsaye a ƙofa. Rai ake shiga wa ɗaki mai ci. Buhun masara da akwatin kaya ba su kai ba. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, a kayar da shi a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi mai tsabta ake kwarara mata na kamar minti 20, a cire zobe da agogo kafin wuri ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, manja, toka ko baƙin mai, kuma kada a fasa ƙurajen ruwan. Ƙunar da ta fi tafin hannu faɗi, ko ta fuska, hannu ko al'aura, ko ta ƙaramin yaro, a garzaya babban asibitin Makarfi ko na Ikara, mai tsanani kuma sai asibitin koyarwa na Shika.

Ku ba makarantun allo da na boko kulawa ta musamman. Almajirai na hura wutar kara da dare don karatu da jin ɗumi, ɗakunansu a cike, ƙofa guda. A Maraɗi, cikin Nuwamban 2021, yara aƙalla 25 sun rasu lokacin da azuzuwan zana suka kama. Ku zauna da alarammomi cikin ladabi a shirya inda za a riƙa hura wuta, da wanda zai kashe ta, da hanyar fita.

Akwai wata wutar da ke biyo bayan gobara, wato zargi. Gona ta ƙone, kafin hayaƙi ya washe an ce makiyaya ne, ko an ce wane ne saboda rikicin iyaka. Ku da kuka isa wurin da fari maganarku tana da nauyi, don haka ku faɗi abin da idonku ya gani kawai, ga dagaci da hukuma, ba a majalisa ko a WhatsApp ba. Makiyayi ma asara yake yi idan ciyawar rani ta ƙone, kuma sau da yawa shi ke fara hango hayaƙi a daji. Ku sa ardo da samarin ruga a cikin tsarinku, ku karɓi lambobinsu. Sannan ku rubuta asarar da aka yi da gaskiya, ba ƙari, a miƙa ta hannun ƙaramar hukuma zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.

Abin da nake kira gare shi wasu sun riga mu yin sa. Bayan fari da wutar dajin 1983 da ta cinye gonakin abinci da na koko a Gana, ƙasar ta yi doka a 1990 da ta tanadi ƙungiyar 'yan sa-kai na kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kwana-kwana na horar da su. A Jamus masu aikin sa-kai na kashe gobara sun kai kimanin miliyan guda, su ne ke riƙe da yawancin ƙauyuka. Ku ma kuna da haƙƙin ku rubuta wa shugabannin ƙananan hukumominku da hukumar kashe gobara ta jihar Kaduna ku nemi horo na kwana ɗaya ko biyu, da tukwanen kashe wuta, da takalma. Takardar da ta zo da sunan ƙungiya, da jerin mambobi, da sa hannun hakimi, ta fi ƙorafin baki samun amsa.

Ina roƙonku kada wannan Juma'ar ta wuce ba ku zauna ba. Ku zaɓi shugaba, ku rubuta sunaye da kayan aiki, ku sa ranar gayyar shara, ku kuma gwada layin bokiti sau ɗaya da rana kowa ya san wurin tsayuwarsa. Allah Ya kare mu daga gobara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya kuma dawo da kowannenku gida lafiya.

Wassalam.

Naku,
Yayanku mai yi muku fatan alheri.