Mun biya kuɗin gwiwa, mun hana ta lanƙwasa

Ƴan uwa matasa, yau maganata kan wata asara ce da muke yi da hannunmu, kuma muna kiranta tausayi. Iyali su saida gona ko fili, ƴaƴan da ke ci-rani su aiko da nasu, a haɗa miliyoyin sefa a kai tsohuwa Yamai, ko Tunis, ko Indiya, a cire gwiwar da ta cinye a sa mata ta ƙarfe da roba. Aiki ya yi kyau, a dawo gida Maraɗi ko Damagaram, a shimfiɗa katifa, a tura matashi ƙarƙashin gwiwa, a ce: "Hajiya, kar ki motsa, ki huta." Bayan wata uku ƙafa ta sandare. Sai a ce likita bai iya aiki ba, ko a ce haka Allah ya ƙaddara.

Gaskiyar magana, kine ce aka tsallake, wato motsa gaɓa a hannun gwani, abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira gashin ƙashi. Mutanenmu da yawa sun ɗauke ta tausa ce ta masu kuɗi, alhali ita ce ke ƙarasa aikin da likita ya fara.

Ga dalili. Inda aka yanka, jiki yana saƙa tabo daga ciki. In gwiwa ba ta motsi a makonnin farko, tabon nan ya yi tauri ya ɗaure ta. Shi ya sa likitoci ke tada mutum tsaye ran da aka yi aikin ko washegari. Ana son ƙafa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwashe wajen digiri 90 cikin makonnin farko, daga nan a nemi 110 zuwa 120. Hawan matakala da tashi daga kujera suna buƙatar wajen 90 ko fiye. Naman cinya na gaba, wanda ke riƙe gwiwa, yana raunana sosai bayan aikin, kuma atisaye kaɗai ke maido shi. Kwanciya kuma tana jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda in ya wuce zuwa huhu yana iya kisa. Matashin nan da muke turawa ƙarƙashin gwiwa don jin daɗi, shi ke koya mata zama a tanƙware. In ta riga ta sandare, wani lokaci sai an sake sa maganin barci a lanƙwasa ta da ƙarfi, wani kuɗin, wata wahalar.

Mu kuma rayuwarmu a ƙasa take: zama kan tabarma, sujada, masai na tsuguno. Duk waɗannan suna neman lanƙwasa fiye da ta mai zaman kujera, kuma ba kowace gwiwar ƙarfe ke kaiwa nan ba. Wa zai zauna da tsoho ya faɗa mishi abin da zai iya da wanda zai haƙura da shi, yadda za a ɗaga mishi wurin zagayawa, yadda zai yi salla kan kujera? Mai kine ne. Mai ɗori ya san karaya, amma wannan ba karaya ba ce, kar a kai mishi.

Na san abin da za a ce mini: kine da zafi, da tsada, da nisa. Zafi gaskiya ne, amma akwai maganin da likita ke rubutawa a sha kafin atisaye, akwai ƙanƙara. Tsada da nisa kuwa, nan ne nake tuhumar hukumomin lafiya. Masu kine sun taru a manyan birane, mutumin ƙauye sai ya hau mota da ɗanyen ɗinki sau biyu ko uku a sati. Wa zai jure? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na farfaɗo da marasa lafiya tun 2017, kuma a 2023 ƙasashe suka amince da ƙuduri kan a saka wannan aiki cikin tsarin lafiya. To mu a ba mu mai kine a kowane asibitin gunduma. A daina sallamar wanda aka yi wa aiki ba tare da takardar atisaye ba, kuma a yi mishi bayaninta da Hausa ko Zabarmanci. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyin fitar da shi waje, a lissafa kuɗin kine cikin nauyin.

Mu ma muna da namu. Kafin a tara kuɗin aiki, a ware na kine na wata uku. Ku tambayi likita: yaushe za a fara, sau nawa, a wurin wa? Ku ɗauki atisayen a waya, ku tsaya kan iyayenku su yi kullum, ko da za su yi fushi da ku. In kun ga sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko zazzaɓi, ko mugunya a ɗinki, ko numfashi na sarƙewa, asibiti nan take.

Ku tura wannan ga duk gidan da ke shirin wannan aiki. Allah ya ba iyayenmu lafiya.