Direba, ka koyi toshe hujin tayarka da kanka

A watan jiya ƙusa ta huda tayar motar wani ɗan ƙungiyarmu bayan isha'i, yana ɗauke da mara lafiya daga Dagauda zuwa asibiti a Azare. Safaya ba iska, masu faci sun tashi. Sai da suka shafe awa biyu a bakin daji.

A ganina, duk mai tayar tubles ya kamata ya ajiye kayan toshe huji a but: filaya, abin goge rami, allurar cusawa, zaren roba mai danƙo, da famfo. Aikin ba wuya. Ka kauce daga kan kwalta, ka zuba ruwan sabulu, inda kumfa ya taso nan ne hujin. Zare ƙusar, goge ramin, cusa zaren, yanke abin da ya leƙo, sannan ka buga iska daidai adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Wani zai ce wannan cin abincin masu faci ne. A'a, toshewar ta wucin gadi ce, ta kai ka gari kawai. Da safe ka kai wa mai faci ya duba ta ciki. In kuwa hujin a gefen taya yake, ko ya wuce milimita 6, kada ka gwada, sai canji.

Ina ba da shawarar a taronmu na gaba mu gayyaci mai faci ya koya mana a aikace. Allah ya kiyaye hanya.

Sakataren ƙungiya