Iyafis mara igiya: kafin ka aika wa na gida waya, duba ƙasanta

Duk wanda ya zaga layin masu kayan waya a Kasuwar IBB da ke nan Suleja zai ga an samu canji a 'yan shekarun nan. Da can iyafis mai igiya ne ake ratayewa a bakin shago. Yanzu ƙananan kwalaye ne jere a cikin gilashi, kowanne da hoton 'yan ƙwayoyi biyu da ake cusawa a kunne, waɗanda muke kira bulutut. Ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja ta Madalla da Zuba, 'yan acaɓa, ɗalibai, kowa da nasa. Ku da ke Legas da Ibadan da Fatakwal kun riga mu gani, tunda da yawa daga cikin kayan nan daga Computer Village na Ikeja da Kasuwar Alaba ake ɗauko mana su.

Tambayar mai saye guda ce: "Zai hau wayata?" Amsar mai shago ita ma guda ce: "Kowace waya yake hawa." Bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Maganar ta fi shafar ku 'yan uwa mazauna Kudu, domin ku ne kuke sayen waya ku aika wa iyaye da iyali a gida, musamman idan Sallah ta ƙarato.

Daga ina abin ya faro?

A watan Satumban 2016 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da ɗan ramin nan da ake soka iyafis ba, kuma a ƙarshen shekarar ya fara sayar da AirPods. An yi ta surutu, amma sauran kamfanoni suka bi sahu. Samsung ya cire ramin a Galaxy Note 10 a 2019, sannan abin ya gangaro kan wayoyinsa masu matsakaicin kuɗi: Galaxy A52 na da ramin, A53 da ta fito a 2022 ba ta da shi. Dalilin da kamfanonin ke bayarwa shi ne a samu wurin ƙara batir, a rage kaurin waya, a kuma hana ruwa shiga. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, duk wanda ya cire ramin yana da nasa iyafis mara igiya da yake son ka saya.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, wato Tecno da Infinix da itel, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma shi ne mai Oraimo. Har yanzu yawancin masu sauƙin kuɗi a cikinsu suna zuwa da ramin, amma wasu daga cikin masu tsada sun fara fitowa babu. Abin da ya faro daga sama kuwa, a hankali yake saukowa ƙasa.

Yana hawa, amma yaya yake aiki?

Fasahar Bluetooth an tsara ta ne yadda sabo zai iya magana da tsoho, shi ya sa iyafis ɗin bana ke haɗuwa da wayar shekara biyar baya. Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar da waya ke matse sauti ta tura wa kunne. Akwai wadda kowace na'urar sauti ke da ita, SBC. Akwai AAC da iPhone ke amfani da ita, da aptX ta kamfanin Qualcomm, da LDAC ta Sony. Dole waya da iyafis su kasance suna jin yare ɗaya. In ba haka ba sai su koma kan SBC, ko da nawa ka sayi iyafis ɗin. Misali, iPhone ba ya jin aptX ko LDAC, don haka mai iPhone da ya ƙara kuɗi saboda ya ga an rubuta su a kwali, asara ya yi.

Haka kuma AirPods na yin sauti da kira a wayar Android, amma wasu abubuwan da aka biya kuɗi dominsu, kamar sauyawa da kansa daga wannan na'ura zuwa waccan, sai da kayan Apple. Galaxy Buds ma sun fi sakin jiki a wayar Samsung. Ƙananan wayoyi masu madannai kuwa, wasunsu Bluetooth ɗinsu na tura waƙa da hoto ne ko amsa kira kawai, ba ya tura sautin sitiriyo zuwa kunne.

Sai batun kira. Da zarar ka amsa waya, iyafis yana barin tsarin kiɗa ya koma tsarin magana, wanda sautinsa bai kai na farko ba. Makirufo ɗin kuma yana can gefen kunne, nesa da baki. A ɗaki shiru ba matsala. A kara, ko a Mile 12 ana sauke kaya, labari ya sha bamban. Mahaifina fataken shanu ne, kuma kusan rabin cinikinsu yanzu ta waya ake ƙulla shi. A irin wannan ciniki, a ji "sittin" a maimakon "saba'in" ba ƙaramar magana ba ce.

Rediyo ce babbar asarar

Ga abin da masu shago ba sa tunawa su faɗa. A yawancin manyan wayoyi masu rediyon FM, igiyar iyafis ita ce eriya. Ba igiya, ba rediyo. Bulutut ba ya zama eriya ko da nawa aka saye shi. Shi kuwa iPhone, ba ya zuwa da rediyon FM sam.

A wajen Bature wannan ba komai ba ne. A wajen Bahaushe kuwa, rediyo abokiyar zama ce. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shiri, kuma gidajen FM irin su Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003 sun zama wurin da talaka ke jin siyasa, farashin kaya, sanarwar rasuwa da tafsiri. Duk wannan kyauta ne, ba a cire maka ko kwabo.

In babu FM sai a koma sauraro ta intanet. Ko a matsakaicin sauti, awa ɗaya na cin kusan megabait 30. Wanda ke sauraro awa biyu kullum zai ƙona fiye da gigabait ɗaya da rabi a wata. Ku tuna kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wato abin da tsoho ke ji a ɓagas ya koma abin biya duk wata, kuma kai da ke Kudu za a kira ka tura kuɗin.

Akwai abin da ya fi kuɗi. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Da yawanku kun yi makonni ba ku ji muryar gida ba. A lokacin, mai rediyo ne kaɗai ya san halin da duniya ke ciki a waɗannan wurare.

Gaskiya ne, wanda ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ba zai kamo FM ɗin Kano da eriya ba, tunda FM ba ta tafiya nesa. Da ma ta intanet yake sauraro, kuma bulutut ya yi masa daidai: hannu a sake, babu igiyar da za ta maƙale a kan babur ko buhun kaya. Kuskuren shi ne a ɗauka abin da ya dace da kai a Legas shi ne ya dace da Baba a ƙauye.

Wuta da batir

Iyafis mai igiya ba ya neman caji. Mara igiya kuwa batir uku ne da shi: na kunnen dama, na hagu, da na akwatinsa. Galibi 'yan awoyi yake yi ya nemi komawa akwati. Ƙananan batiran nan suna rauni da yawan caji da zafin rana, kuma a manne suke, mai gyara ba ya iya canza su cikin sauƙi. In sun mutu, sai sabo. Wanda ya ga yadda jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki a duhu a watan Oktoban 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ya san ƙarin abin caji a gida ƙarin nauyi ne.

Wasu za su ce ai akwai ɗan mahaɗin da ake sokawa a ramin caji na USB-C a jona iyafis mai igiya. Akwai, amma iri biyu ne. Wani yana da 'yar na'urar sauya sauti a cikinsa, wani igiya ce zalla. Wayoyi da dama, har da na Samsung, ba sa karɓar na biyun. Sannan muddin yana jiki ramin caji ya toshe, kuma ba kowace waya ce ke kamo FM da shi ba.

Jabu ya cika kasuwa

Tun da darajar naira ta faɗi bayan sakin farashin canji a watan Yunin 2023, kayan asali suka yi tsada, jabu ya samu kasuwa. Kwalin iri ɗaya, rubutun iri ɗaya. Abin ya kai har Apple ya sa wa iPhone gargaɗi tun daga iOS 16 a 2022, wanda ke nuna cewa ba a tabbatar da AirPods ɗin da aka haɗa ba. Alamomin jabu sanannu ne: kunne ɗaya ya riƙa ɗaukewa, magana ta riƙa zuwa bayan motsin baki a bidiyo, caji ya ƙare kafin azahar. Araha ba ta ado.

To, mene ne abin yi?

Idan wayar ta na gida ce, juya ta ka duba ko tana da ramin iyafis, ka buɗe ka tabbatar akwai manhajar FM, ka sa an soka igiya ka ji tasha ta kama da kunnenka. Ka haɗa musu da iyafis mai igiya ko da biyu ne, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In tsoho ne, ƙaramar waya mai FM da ba ta buƙatar igiya ta fi masa amfani.

Idan bulutut za ka saya wa kanka, kada ka yi cinikin biri a sama. Haɗa shi da wayarka a nan shagon, ka kira wani daga cikin hayaniyar kasuwa ka tambaye shi ko yana jin ka, ka kunna bidiyo ka dubi baki. Karɓi rasit, ku yi magana kan kwana nawa za a canza in ya ba da matsala. Ga 'yan acaɓa da direbobi, toshe kunne biyu a kan titi ganganci ne. Ƙure sauti ma haka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro.

Kamfanoni abin da ake saye suke ƙerawa. Muddin masu saye a Ikeja da Banex da Farm Centre na Kano suna tambayar rami da rediyo kafin su biya, dillalai za su kai saƙon inda ya dace. Ranar da muka daina tambaya, ranar za a cire su daga wayar talaka ma. Allah Ya sa mu dace.